Buji bakwai a kan gato: amsa daga Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da duk ma'aikatan jaridarka. Ka taimake ni da fili ko da zan ɗan ja magana, ka san tsoho in ya buɗe baki sai haƙuri.

Na karanta rubutun da kuka buga makonnin baya, inda wani bawan Allah ya ce duk wanda ya kunna wa ɗansa kyandir a kan kek ranar zagayowar haihuwarsa, to gunkiyar wata ta Girkawa yake bauta wa, ya sani ko bai sani ba. Mu nan Damagaram buji da gato muke cewa, amma abin ɗaya ne. Ba na shakkar niyyar marubucin. Maganar dai ta same ni har gida, don a watan Afrilun da ya wuce an kunna buji bakwai a tsakar gidana, cikin Birni, ina zaune kan tabarma ina kallo, har ma na ci yanka guda.

Jikata ce ta cika shekara bakwai. Uwarta, matar ɗana na fari, ta sa wata mata a Sabon Gari ta yi mata gato na jikka goma sha biyu, wato sefa 12,000. Na ce, jikka goma sha biyu a kan jika guda? Ba wanda ya yi dariya sai kakarta. Aka ɗauko shi bisa kabu-kabu da azahar, cikin zafin nan namu da ko ƙadangare ba ya yarda ya hau dutse. Kafin a iso ƙofar gida, sunan yarinyar da aka rubuta da jan kirim ya fara narkewa, harafin farko ya gangara gefe. Firiji akwai shi, wuta ce babu tun safe. Kakarta ta jiƙa buhu ta lulluɓe kwalin, ta tura shi gindin randa, a nan ya jira la'asar. Yara suka taru, aka rera waƙar da Faransanci, iska ta kashe bujin har sau biyu kafin mai bikin ta samu ta hura. Da aka watse ta zo ta zauna a gefena, baki duk kirim, ta ce: "Kaka, kai buji nawa za a sa maka? Kuma wa ya ce a riƙa sawa?"

Shekara 35 na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, daga ƙauyukan Mirriya har na Magariya, yara na ce mini mushe, yadda muke kiran malamin lakwal daga Faransanci, kuma ban saba barin tambayar yaro ta kwana ba. Na ce mata, "Amarya, ba ni sati guda." Satin ya zama wata biyu. Ga abin da na samo, kuma shi ne ya sa rubutun da kuka buga bai gamsar da ni ba.

Maganar Girkawa tana da tushe, ba zan musa ba. A Piraeus, tashar jiragen ruwan birnin Atina, akwai bikin da suke yi wa gunkiyarsu Artemis, wato gunkiyar watan da marubucin ke nufi, ranar 16 ga wani watansu na bazara, lokacin da farin wata ya cika. Sukan kai mata waina da aka kewaye da ƙananan itatuwa masu ci da wuta. Tsofaffin marubutansu sun faɗi haka. Amma hadaya ce ake kaiwa ɗakin gunki. Ba haihuwar yaron kowa ake tunawa ba, kuma ba da shekarun kowa ake ƙirga wutar ba. Tsakanin wannan waina da gato mai buji da aka rubuta labarinsa a Turai akwai wajen shekara dubu biyu. Wanda ya ce daga can al'adar ta taso har ta iso mu, sai ya nuna mana inda ta riƙa yada zango cikin waɗannan shekaru. Kama da wane ba ta wane. Duk dare a bakin kasuwar Dole za ka ga mai waina da fitila a gefen tanda. In wani ya zo bayan shekara dubu ya ce wata take bauta wa, ai ya yi mata ƙazafi.

Tunawa da ranar haihuwa kuwa tsohon abu ne, kuma ba na Girkawa kaɗai ba. Herodotus, marubucin tarihinsu, ya faɗa tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa cewa Farisawa ba su da ranar da suke girmamawa kamar ta haihuwarsu. Mai hali yakan sa a gasa masa sa, ko doki, ko raƙumi, ko jaki, ɗungurungum. Raƙumi ɗungurungum, Malam Edita! Ashe jikka goma sha biyu sauƙi ce. Rumawa ma suna yi. A Vindolanda, wani tsohon barikin sojan Rum da ke arewacin Ingila, an haƙo ɗan siririn allo na itace wanda matar wani kwamanda ta aika wa ƙawarta wajajen shekara ta 100, tana gayyatar ta bikin ranar haihuwarta, 11 ga Satumba. Ci da sha kam akwai a duk waɗannan labarai, amma ba ka jin zancen buji mai ƙirga shekara. Daga nan Kiristocin farko suka juya wa abin baya. Wani babban malaminsu na Iskandariya, Origen, a ƙarni na 3, ya ce a littafinsu ba a ga mutumin kirki yana bikin haihuwarsa ba, sai irin su Fir'auna da Hirudus. Ka ga ke nan gardamar da muke yi yau a ƙofar masallaci, wasu sun riga mu yin ta a majami'a.

Inda sawun ya fito fili, Jamus ce. A 1746 aka yi wa wani basarake, shugaban wata ɗariƙar Kirista, mai suna Zinzendorf, biki a Marienborn kusa da garin Büdingen. Wani da ya halarta, Andreas Frey, ya rubuta cewa an kawo gato iya girman da tanderu zai ɗauka, an huda masa ramuka daidai da shekarun mai bikin, kowane rami da bujinsa, sannan guda a tsakiya. A 1700 aka haifi mutumin, ka ga 46 ke nan da ɗaya. Abin da ya ba ni dariya, wannan Frey ba yabo ya zo yi ba. Ya zauna da mutanen, ransa ya ɓaci da almubazzarancinsu, ya bar su ya je ya rubuta littafi yana tona musu asiri. Wato tsohuwar shaidar da ake kafa hujja da ita ƙorafi ce, na mutumin da ya ga ana ƙona dukiya a kan gari da sukari. Da na karanta sai na ji kamar na gamu da ɗan'uwa.

Shekara 55 bayan haka, a watan Agustan 1801, wani yarima a garin Gotha ya yi wa babban marubucinsu Goethe walimar cika shekara 52. Shi da kansa ya ba da labarin: an shigo da ƙaton gato, buji wajen hamsin suna ci har suna neman narkar da juna, ya kuma ce a bikin yara ne ake samun wurin da za a bar wa shekaru masu zuwa. Daga maganarsa ka gane abin yara ne da aka riga aka saba da shi, aka ara aka yi wa dattijo. Bujin nan na tsakiya Jamusawa har suna suka ba shi, ma'anarsa fitilar rai. Sauran kuwa ƙirge ne. Ni da na koya wa yara lissafi da tsinken ashana da tsakuwa, nan take na gane dabarar: yaron da bai iya karanta lamba ba ake nuna wa shekarunsa da abin da idonsa zai gani, bana shida, baɗi bakwai.

Camfi ma akwai shi a ciki. Wai ka ƙudurta buri a zuci, in ka kashe su duka da numfashi ɗaya burin zai cika. Wannan ni ma ban yarda da shi ba, mai buƙata ya san Wanda zai roƙa. Amma na tambayi yaran da suka zo gidana, ba ko ɗaya da ya taɓa jin zancen. Su hoto suke jira.

To me ya sa sai Jamus, kuma sai a wannan zamani? Rajista ce. Ba ka ƙirga shekara da buji sai ka san ranar da za ka fara ƙirge. Tun ƙarni na 16 majami'un Turai suka shiga rubuta kowane jariri a littafi. Ingila ta yi dokar a 1538, Faransa a 1539. Katolika sun fi kula da ranar waliyyin da yaro ya ci sunansa. Furotesta da suka bar sha'anin waliyyai sai suka karkata ga ranar haihuwa, su Zinzendorf kuwa Furotesta ne. Sai maganar kuɗi. A lokacin, buji mai kyau da kakin zuma ake yin sa, na majami'a ne da masu hali. Talaka na kitse yake kunnawa, mai hayaƙi da ƙauri, wanda ba mai hankalin da zai kafa shi a kan abinci. Sukari ma kayan manya ne. Shekara ɗaya bayan bikin Marienborn, a 1747, wani masani a Berlin mai suna Marggraf ya gano ana iya fitar da sukari daga wani tushe mai kama da dankali da ke yi a ƙasar sanyi. A 1834 Joseph Morgan na Manchester ya ƙera injin zuba buji, a 1850 James Young na Sikotilan ya yi rajistar hanyarsa ta fitar da farafin daga kwal. Yau daga ɗanyen mai ake samun wannan kakin, irin man da ake turowa daga Agadem zuwa matatar da ke arewa da garinmu tun 2011. Da waɗannan suka haɗu, abin da basarake kaɗai ke iyawa ya shiga gidan lebura. Ko waƙar da yaran suka rera mini da Faransanci ba ta Faransa ba ce: karinta wasu mata biyu ƴan gida ɗaya a Kentucky ta Amurka suka buga shi a 1893, don ƴan makarantar reno su riƙa gaisuwar safe da shi.

Wannan ya amsa tambayarta ta biyu. Ta farkon ce ta tsaya mini a wuya.

Takardata cewa ta yi né vers 1957, wato an haife shi wajajen 1957. Ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, an jera mu ƙofar mai unguwa, aka ce kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. Nawa ya kai. Wani ya dube ni sama da ƙasa ya rubuta shekara, shi ke nan an haife ni. Da kwamfuta ta zo, ita ba ta san "wajajen" ba, rana da wata take so, sai aka raba mana 1 ga Janairu gaba ɗayanmu. Duk ranar sabuwar shekara wayar ɗana ba ta hutawa, Facebook na sanar da shi yau aka haifi ubansa, da kawunsa, da maigidansa, da direban ofis ɗinsu. Duba ma manyan ƙasa: Mahamadou Issoufou 1 ga Janairun 1952 aka rubuta masa, Mohamed Bazoum 1 ga Janairun 1960. In za a yi mana gato mu ƴan ɗaya ga wata, sai dai a yanka shi a filin Idi.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka a Birnin nan ƙarshen 1852, ya yi kamar wata guda ya wuce Katsina. Shi ya san an haife shi 16 ga Fabrairun 1821 a Hamburg. Garin da ya sauka cike yake da malamai masu lissafin watanni da taurarin damina, ba lissafi ne ya gagare su ba, irin wannan lambar ce ba su ga amfanin ajiye ta ba. Faransawa suka shigo a 1899, garin nan ya zama mazaunin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, suka kawo burodi da lakwal da takardar haihuwa. Duk da haka, a shekarun da na yi ina koyarwa ban ga gato ya tsallako cikin gidaje irin namu ba. Sai da talabijin ta cika gidaje, waya ta shiga hannun kowa.

Ba kuwa don ba mu ajiye komai ba. Uwata, Allah ya jiƙanta, ba ta san 1957 ba, amma ta san Laraba ce, da hantsi, gero ya fara bununi, damina uku kafin a ce Nasara sun miƙa mulki. Ɗana yana da takarda cikakkiya da rana da wata, amma har gobe uwarsa cewa take ɗan shekarar El-Buhari ne, yunwar 1984. Ranar kuwa cikin suna muke ƙulle ta: Ladi, Altine, Talatu, Larai, Lami, Jummai, Asabe, Ɗanladi, Ɗanjuma. Wanda ya zo da salla Sallau ne, wadda ta zo cikin azumi Azumi, wadda ta zo ana marka Marka. Bature na tuna ranarsa sau ɗaya a shekara, Jummai kuwa ana tuna mata tata duk lokacin da aka ƙwala mata kira ta je ɗebo ruwa. Kuma da aka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da azumin Litinin, cikin amsar da ya bayar akwai cewa ranar da aka haife shi ce. Hukuncin biki na bar wa malamai, su ne masu fatawa. Na ji masu hanawa, na ji masu sassautawa. Roƙona dai, in za a hana, a hana da hujjar da za ta tsaya da ƙafarta. Yaran yanzu waya ce a hannunsu. Ranar da suka gano labarin gunkiyar wata ba shi da gindin zama, sauran maganarmu ma a kwando ɗaya za su zuba ta.

Ni abin da ya dame ni a bikin nan, Artemis ba ta ciki. Akwai hurawar. An hana mu hura numfashi cikin abin sha, hadisi ne sananne, kuma muna yara in ka hura kunu don ya huce sai ka sha ranƙwashi. Ga shi yau an tara yara ana tafi, yarinya ta cika kumatu ta fesa wa abin da mutum ashirin za su ci. Masu bincike a jami'ar Clemson ta Amurka sun gwada abin, suka buga sakamakon a 2017: ƙwayoyin bakteriya a kan kirim sun ƙaru da kashi 1400 cikin ɗari bayan an hura. Su da kansu sun ce yawanci ba ya kwantar da mutum. To, can ne. A garin da sanƙarau ke leƙo mu da bazara, ni dai ba na wasa da yawu.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne an rufe ƙofar gida. Ranar sunan yarinyar nan, shekara bakwai da suka wuce, a wannan tsakar gidan, ba wanda aka aika wa takarda. An kai goro, an faɗa a masallaci, da asuba unguwa ta cika zaure har waje. Aka yi fatiha, aka raba goro da dabino, aka yanka rago, wanzami ya yi aski, maroƙa suka sami nasu, almajirai suka cika robobinsu. Gato ba ya jure haka. Da ƙirge aka yi shi, yanka ashirin, don haka dole a ƙirga bakin da zai ci. Ina zaune ina hangen idanu ta ƙasan ƙyaure: ƴaƴan maƙwabta da ba lakwal ɗaya suke da ita ba, da almajirai biyu da ke ɗebo mana ruwa kullum, a garin da kowa ya san abin da ruwa yake. Na zaro jikka guda na sa aka sayo fanke, na tashi na buɗe ƙofar da kaina. Surukata ba ta ce uffan ba, yarinya ce mai kunya, amma na ga fuskarta. Ban ga laifinta sosai ba. Ƙawayenta duk sun yi wa nasu, sun sa a WhatsApp, kuma ba uwar da ke son a ce ƴarta ce kaɗai ba a yi wa ba.

Ka san tsakanin suruki da suruka, ban tare ta da maganar ba. Ta bakin kakar yarinyar na aika: baɗi in Allah ya kai mu, in lalle sai an yi, a yanka wa yarinya nata yankan daban, ta kafa bujinta a kai ta hura abinta, a bar wa mutane sauran ba yawu. A kuma ɗora tukunyar dambu da zogale, a bar ƙofa a buɗe. An ce mini an ji.

Ita kuwa amaryar tawa na kira ta na cika alkawari. Na ba ta labarin basaraken Jamus da ramukansa 46, da matar kwamanda mai allo, da injin Manchester. Abin da ya zauna a kanta raƙumin Farisawa ne kawai. Sai ta koma kan tambayarta: "To kai yaushe ne naka?" Na ce wata Laraba ce cikin damina. Ta ce wacce? Na ce wadda gero ya yi bununi. Tun ranar duk wanda ya shigo daga gona sai ta tare shi a zaure ta tambaye shi ko gero ya yi bununi. Bujinta bakwai kakarta ta goge musu kirim ta adana cikin gwangwanin madara, biyu sun riga sun tafi wani dare da aka ɗauke wuta muna neman maganin tari. Biyar suka rage. Ta ce su za ta kafa mini, sauran sittin da ƴan kai in biyo ta bashi.

Naka,
Wani tsohon mushe,
Unguwar Birni, Damagaram.